Farin Yashin Barmo da Baƙar Tokar Gurnani

Da sunan Allah, wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ɓoye wuta a cikin dutse, ya ba kowace halitta halinta, har ƙurar da iska ke ɗauka. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku da kuka zauna don ji, ni ce Tabawa 'yar Shekarau, matuƙiyar jirgin sama ta Birnin Sarmaza a dā. Zan ba ku labarin abin da ya same ni. In kun ji muryata ta tashi, kada ku ce da ku nake. Akwai wanda nake yi da shi.

Sarmaza birni ne a kan tudu, can ƙarshen ƙasashen yamma, inda ba hanyar ƙasa mai kirki, dukan fataucinmu ta sama ake yin sa. Kowane jirgi yana da injuna biyu a ƙarƙashin fikafikansa. Injin yakan haɗiyi iska ta baki, ya cuɗa ta da wuta a cikinsa, ya fesar da ita ta baya, kuma zafin cikinsa ya wuce na kowace maƙera da kuka sani.

Ba injin da ke tashi sama sai ya bi ta Gidan Gwaji. A can ake ɗaure shi da sarƙoƙi a tsakar fili, a kunna shi har ya yi jawur, sannan mata su jero daga Gulbin Madara da ƙoren farin yashi a ka, su riƙa watsa masa a baki. In ya haɗiye ya fesar bai mutu ba, sai a maƙala masa zoben tagulla, shaidar ya ci gwaji. Shugaban gidan shi ne Sarkin Gwaji Barmo, aminin mahaifinmu. Shi ya yanka ragon sunana. Baba nake kiransa, haka ma yayana Nomau, wanda ya koya mini tuƙi.

Babbar kasuwarmu tana Tsibiran Lumbai. Hanya biyu ce ke kai wa can: doguwa mai zagaye teku, da gajera mai ratsa tsakanin duwatsu uku masu aman wuta, wato Gurnani, da Jan Baki, da Mai Furfura. Tun kaka da kakanni ba a bin gajerar. Amma Majalisar Fatake, masu riƙe da birnin, suka gaji da zagaye. Suka kira Barmo suka tambaye shi, ya miƙe a gabansu ya gyara riga.

Ya ce, "Toka ai ƙura ce, ƙanwar yashi. Injin da ya ci yashi, toka ce za ta gagare shi? In kun shiga hayaƙi, ku ƙara wuta ku ratsa."

Aka zaɓi jirage biyu su buɗe hanya, na Nomau a gaba, nawa a baya. Nomau ya rusuna ya ce, "Baba, an taɓa gwada injin da ita tokar kanta?"

Barmo ya yi dariya, ya dubi jama'a. "Ɗana, tsoro kake ji? Ubanka bai taɓa yi mini irin wannan tambaya ba."

Da wannan magana ya kashe yayana. Ba wuta ce ta fara kashe shi ba, kunya ce. Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji, ya tafi ya ɗaura ɗamara.

Muka tashi da hantsi, kowane jirgi cike da fatake da kayansu. Sama garau har muka hango kan Gurnani, da wani baƙin girgije kwance a kafaɗarsa. Ba hadari ba ne, don ba ya walƙiya irin ta ruwa, ba ya kuma ƙamshin ƙasa. Jirgin Nomau ya shige, na bi shi. Nan take warin farar wuta ya cika mana hanci. Gilashin gabana ya dushe kamar an goge shi da dutsen niƙa. Na tuna da umarnin Barmo, na ƙara wuta.

Injin hagu ya yi tari. Ya sake yi, ya yi aman harshen wuta ta baki, inda bai kamata wuta ta fito ba, sai ya yi tsit. Kafin in juya, na dama ya bi shi. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Babu abin da ake ji sai iska da salatin fatake.

Na rufe mai don kada mu kama da wuta, na kifa hancin jirgi ƙasa, muka sulala muka fita ta ƙarƙashin girgijen zuwa cikin iska mai sanyi. Ƙasa na taho mana. Sai na ji wata ƙara daga cikin injuna, ƙas, ƙas, ƙas, kamar mace ta fāɗi da hannu cike da ƙarau. Na leƙa, na ga waɗansu ɓaraguzai masu ƙyalli na zubowa ta baya. Ban san mene ne ba, amma na ce in maƙogwaro ya zubar da abin da ya shaƙe shi, ai zai yi numfashi. Na buɗe mai, na ƙyasta. Injin dama ya kama.

A lokacin na ɗaga kai na ga Nomau. Injunansa ba su mutu sarai ba, suna gurnani suna tari, shi kuwa yana ta ƙara musu wuta kamar yadda aka ce masa. Ba su huce ba, ba su kuma ɗauke shi ba. Ina kallo jirginsa ya karkata, ya gangara kan wani gari mai sheƙi a gindin dutsen. Na kira sunansa, kamar zai ji.

Na sauke jirgina da ƙyar a kan wani baƙin fako, ƙafafunsa suka karye, amma ba wanda ya mutu. Da injin hagu ya huce, na kwance murfinsa. Fikafikan ƙarfen da ke ciki duk sun sha wani abu baƙi-kore mai santsi, ya daskare a kansu kamar alewa, ya toshe ƙananan kafofin da iska ke bi. Na ɓamɓari guntu, ya yanke ni a yatsa. Gilashi ne. A saman murfin kuwa zoben tagulla na nan yana ƙyalli abinsa. Na fizge shi na jefar.

Ba mu ankara ba sai ga mutane sun kewaye mu da māsu, kan kowane mashi baƙin gilashi ne. Suka tasa mu zuwa garin da jirgin Nomau ya fāɗa. Sunansa Ƙarau. Ba ƙasa ko itace a gininsa, gidaje da ganuwa da tulunan ruwa duk da narkakkar toka aka zuba su, rana na ratsa bango tana fitowa kore. A tsakiyarsa, inda kasuwa take a dā, sai baƙin rami mai hayaƙi.

Aka kai ni gaban mai mulkin garin, Magajiya Gwamma, doguwar mace mai tabon ƙuna a hannuwa, wadda ita ce kuma shugabar masu tanderu. Ba ta ba ni wurin zama ba.

Ta ce, "Ɗana na fari yana cikin kasuwar nan."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yayana yana cikin jirgin nan."

"Yayanki shi ya zo. Ɗana bai je ko'ina ba. Za a jefa ku cikin bakin Gurnani, ke da mutanenki."

Raina ya riga ya ɓaci fiye da in ji tsoro. Na ce, "Jefa mu. In kin gama, ki faɗaɗa maƙabartarku, don wani jirgin na tafe, bayansa da wani. An gaya musu toka ƙura ce."

Ta ce, "Wa ya gaya musu?"

"Sarkin Gwaji Barmo."

Sai ta miƙe ta ce in biyo ta. Ta kai ni zauren tanderu, inda ƙarti ke taka zugazugai da ƙafa. Ta sa aka jera kasake huɗu. A ɗaya ta zuba farin yashi irin namu, a sauran ta zuba tokar duwatsun uku, kowace dabam. Aka tura su cikin wuta, ta ba ni wani baƙin gilashi in kare idona in leƙa.

Wuta ta yi ja, ba abin da ya motsa. Ta koma ruwan lemo, sai baƙar tokar Gurnani ta fara tsukewa, ƙwayoyinta suka kama juna, ta dunƙule, ta yi gumi, ta zube a kasko kamar narkakken man shanu tana bin kowane lungu. Aka ƙara zuga. Jar tokar Jan Baki ta bi sahu, ta yi kumfa ta yi kauri kamar kunu. Farar tokar Mai Furfura ta fi su taurin kai, sai da wuta ta yi fari sannan ta yi laushi, ko a nan ma ba ta gudana ba, ta tsaya curi guda kamar danƙo. Yashi kuwa ya yi ja, ya yi haske, amma da aka fito da shi aka karkata kaskon, sai ya zube war-war, ƙwaya-ƙwaya, yadda ya shiga.

Gwamma ta ce, "Yashinku yana kankare ƙarfe ya wuce. Tokarmu tana narkewa ta zauna. In ta huce da sauri takan tsage ta zube, shi ya sa kike raye. In aka ƙara mata wuta, sai ta ƙara kamawa."

Na ce, "Wayyo, da Baba Barmo ya san haka!"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ya sani. Da muka ji ana shirin bin ta kanmu, na aika ƙanena da buhunan toka har Gidan Gwajinku. Barmo ya rufe ƙofa, ya zuba wa ƙaramin inji, ya ga abin da ya faru da idonsa. Ya ba ƙanena riga da rakiya, ya ce a gaishe ni."

Na dafa bango, bangon ya ƙona ni, ban ji ba. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarama! Ya gani, ya sani, sannan ya tsaya gaban jama'a ya kira yayana matsoraci.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ni toka ki sake ni."

Ta ce, "Fatakenki za su zauna a nan, sai kin dawo zan sake su. In jirgi ya sake fāɗo mana, da su zan fara. Hanya kuwa, ki nema. Tafkin Tafasa ne tsakaninmu da ƙasarku. Ƙanena ya bi ta wata gadar dutse, amma Gurnani ya cinye ta."

Na je bakin tafkin da buhunan toka uku. Ruwa ne kore, yana tururi yana ɓulɓula, ba kifi, ba tsuntsu. Mutanen Ƙarau suka ce sun taɓa zuba kwalekwalen gilashi, ya tsage a tsakiya da mutanensa. Na zauna ina kallo, ina cizon yatsa. Can na ga waɗansu fararen duwatsu na yawo a kan ruwa kamar ƙoren da aka kifa. Na janyo ɗaya. Ba nauyi, jikinsa duk huji, kumfar dutse ce da ta daskare. Na koma jirgina na kwanto ragar da muke ɗaure kaya, na cika ta da duwatsun nan, na ɗora ƙyauren jirgi a kai, na ɗauki sandar ƙarfe ta zama filafilina.

Na shiga. Tururi ya dafa mini fuska, ƙafata ta yi bororo ta cikin takalmi. A tsakiyar tafkin sai sama ta fara zubo da wani abu kamar gashin mace, dogo, ruwan zinariya, yana sauka a hankali gwanin kyau. Na miƙa hannu, ya shige fatata kamar ƙaiƙayi. Zaren gilashi ne da iska ke jawowa daga bakin dutse. Na lulluɓe kaina na ci gaba da tuƙi.

Sannan na lura ruwa na hawa gefen ƙyauren. Duwatsun suna shan ruwa, suna nauyi. Na jefar da guzurina. Na jefar da salkar ruwa. Bai isa ba. Na dubi buhunan uku, na tura na Mai Furfura, na tura na Jan Baki. Na Gurnani na rungume shi a ƙirji, na ce ko dai mu isa tare ko mu dahu tare. Da sandata ta taɓa ƙasa, ruwan ya riga ya kai mini idon sawu. Na yi tsalle na fāɗa kan gāɓa, na kwanta ina ihu, rabi don zafi, rabi don Barmo.

Waɗansu makiyaya suka tsince ni, suka yi mini jinya da man kaɗanya har na iya taka ƙasa. Su suka gaya mini an kafa sabuwar doka a Sarmaza: tokar duwatsu annoba ce, duk wanda aka kama da ita a ƙofar birni za a zubar da ita a gulbi, shi kuma a ɗaure shi. Ban tambayi wanda ya ba da shawarar ba. Na bar musu sandar ƙarfen, suka ba ni tanduna irin na kwalli. Na cika su da toka, sauran na bar ta a buhu, na shirya su a faifai.

A ƙofar birni ba wanda ya gane ni, fuskata ta saɓule, gashina ya ƙone. Sarkin Ƙofa ya tare ni da sanda.

"Ke, me ke cikin buhun nan?"

"Kwalli ne, ranka ya daɗe. Na sari."

Ya damƙi kaɗan ya murza. "Kwallinki da gautsi. Zizara mu gani."

Na san mene ne a hannuna. Na gan shi a tanderu, na san garin gilashi ne. Amma na ji ana kiɗa a cikin birni, na kuma san kiɗan gwaji. Na tsoma tsinke a tandu, na buɗe idon hagu, na ja. Kamar an daka kwalba an zuba mini. Na yi murmushi, na ce, "Ka ga yadda yake kamawa? Sabo ne, shi ya sa yake kawo hawaye. A ba uwargida tandu ɗaya?"

Ya ce matarsa ba ta son mai sa hawaye, ya ɗaga sanda. Idon nan bai ƙara ganin rana ba.

Na nufi gidan Nomau. Matarsa Delu tana cikin takaba. Da ta ji muryata ta riƙe ni tana kuka, sannan ta gaya mini abin da ya ƙarasa ni.

"Tabawa, sun ce laifinsa ne. Baba Barmo ya gaya wa majalisa tsoro ne ya kama shi ya kasa ƙara wuta. Matan fataken da suka mutu har jifar ƙofar nan suke yi. Kuma yau ake gwada injin Uwar Iska. In ya ci, za ta tashi ta hanyar duwatsu."

Uwar Iska ita ce mafi girman jiragenmu, unguwa guda take ɗauka.

Na ce, "Delu, ara mini ƙwarya da mayafi."

Na juye toka a ƙwaryar, na je gulbi na rufe samanta da farin yashi, na shiga layin mata masu ɗauko yashi. Filin Gidan Gwaji ya cika maƙil. Ga 'yan majalisa a rumfa, shugabansu Madugu Anaruwa a tsakiya, ga Barmo a gefensa riƙe da sabon zoben tagulla. Injin na ruri a cikin sarƙoƙinsa, cikinsa ya yi fari don zafi. Mata na watsa yashi, yana haɗiyewa yana fesarwa, jama'a na guɗa. Layi ya zo kaina. Na ce, "Nomau, ga taka," na watsa masa duka.

Na ɗan lokaci ba abin da ya faru. Sai ya yi tari. Ya sake yi. Ya yi aman wuta ta baki, mata suka watse, sarƙoƙi suka yi ƙara. Wani abu ja mai yauƙi ya fara ɗiga ta bayansa, yana taɓa ƙasa yana daskarewa. Injin ya yi wani dogon nishi, ya mutu.

Na yaye mayafi na ce, "Ni ce Tabawa 'yar Shekarau! Tokar Gurnani ce wannan, ƙwarya ɗaya tak. A can sama kuwa girgije guda ne. Ku buɗe shi ku gani!"

Barmo ya ce sihiri ne, a kama ni. Amma Madugu Anaruwa yana da 'ya'ya cikin waɗanda za su hau Uwar Iska, ya ce a buɗe. Da ya huce aka kwance murfin, Madugu ya sa hannu ya ɓamɓaro gilashin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Barmo ya matso kusa da ni, ya sassauta murya. "'Yata, me kika yi haka?"

"Kada ka ƙara kirana 'yarka."

"Ki saurara. In na gwada da toka, ba injin da zai ci. Ko ɗaya. Majalisa ta riga ta ƙudura, da na ce a'a, da sun tuɓe ni sun naɗa wanda zai ce i. Kuma ba kullum dutsen ke tari ba. Na zaci za ku dace da rana mai kyau."

Na ɗaga murya yadda na bayan fili zai ji. "Ka zaci! Ƙanen Magajiyar Ƙarau ya kawo maka toka har gida, ka rufe ƙofa ka gwada, ka ga ta narke. Sannan ka zaɓi yashin da ka san wuta ba ta cin sa, ka maƙala zobe, ka ce mu ƙara wuta. Ƙarin wutar nan shi ya kashe Nomau! Ya tambaye ka da ladabi, ka kunyata shi da sunan ubansa. Ya mutu yana bin maganarka, ka bi gawarsa da ƙarya. Faɗi a nan cewa ba matsoraci ba ne. Faɗi!"

Bai faɗa ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi 'yan majalisa, su ma suka dubi ƙasa, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Suka shiga shawara suka fito da hukunci. An dakatar da hanyar duwatsu sai an sake gwaji. Sarkin Gwaji ya yi kuskure irin na ɗan Adam, kuma babu wanda ya kai shi sanin inji, saboda haka zai ci gaba da riƙe gidansa. Ni kuwa na shigo da haramtacciyar toka, na lalata injin jama'a, saboda haka in bar Sarmaza kafin rana ta fāɗi, kada in ƙara taka ta. Game da Nomau ba su ce komai ba.

Na tofa yawu a gaban rumfar, na juya. Delu kaɗai ta raka ni ƙofa.

Na koma Ƙarau ta doguwar hanyar bayan duwatsu, tafiyar da ta cinye mini damina da rani. Gwamma ta cika alkawari, ta saki fatake, ta haɗa su da masu rakiya. Ta dubi idona da ya mutu ta ce, "Kin kashe Barmo?"

Na ce, "Yana kan kujerarsa."

Ta ce, "To zauna. Ba ki gama ganin jirage ba."

Gaskiyarta. Bayan shekaru kaɗan, wata rana da azahar, wani jirgi ya sauko a baƙin fakon nan da inji ɗaya yana tari. Na je da gudu. Matuƙin ya fito yana nuna mini zoben da ke kan murfi, na azurfa wannan karon.

Ya ce, "Inna, ban gane ba. Injin nan ya ci sabon gwaji. Yanzu da toka ake yi, toka ta gaske. Garin Barmo ake kiranta, don shi ya gano hatsarin ya ceci birni."

Na ce, "Wane launi ce tokar?"

"Fara ce sol. Daga Mai Furfura ake ɗebo ta."

Cikin duwatsu uku, ya zaɓi wadda ta fi jinkirin narkewa.

Tun daga ranar na hau kan tudun da ke bakin mashigin duwatsu. Mutanen Ƙarau suka zuba mini wani madubi mai tsawon mutum uku, suka kafa shi a can. Duk sa'ad da Gurnani ya fara tari na hango jirgi daga yamma, sai in juya madubin in haske idon matuƙi da rana, in yi ta yi har ya gane. Waɗanda suka sauko ina kai su zauren tanderu su leƙa kasake huɗu da idonsu, in gaya musu: in kun shiga baƙin girgije, ku rage wuta, ku juya, ku nemi iska mai sanyi. Waɗansu sukan juya tun daga nesa. Waɗansu sukan dubi zoben azurfarsu su wuce, ni da mutanen Gwamma mu ɗauki fartanyar haƙa kabari mu bi bayansu.

An ce mini Barmo ya tsufa, ana ɗaukarsa a kujera zuwa filin gwaji, yara na rera sunansa. Masu wa'azi sun zo sun ce in yafe, ko zuciyata ta huce. Na ce musu na ji, Allah ya ba su lada. Ranar da ya tsaya a gaban jama'a ya ce Nomau ɗan Shekarau ba matsoraci ba ne, ranar zan duba maganarsu.

Iyakar abin da na gani ke nan, da ido biyu da farko, da ɗaya daga baya. Wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba. Allah shi ne masanin abin da ke cikin dutse da abin da ke cikin ƙirji, kuma a gabansa ni da Barmo za mu tsaya.